Sunan da Umma Ba Ta Faɗa

Takalma na fara gani. Da lif ya buɗe a hawa na tara na wani otal a unguwar Tianhe ta birnin Guangzhou, a China, sai ga su jere a bakin ƙofar ɗakin taro, wasu a saman wasu. Ɗakin nan Kiristocin Afirka ne suke hayarsa duk Lahadi don yin ibada, su kuwa da takalmansu suke shiga. Saboda haka duk wanda ya cire nasa a waje, namu ne. Ƙafa ta saba: da ta ji wurin ibada sai ta tuɓe da kanta, ba ta tsaya tambayar na su wane ne ba.

Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ni mai kallon ƙasa ce, na fi sanin mutane da takalmansu fiye da fuskokinsu. Na gane silifas ɗin Hajiyar da ke sayar da mayafai kusa da shagon da Umma ke saro kaya a Guangyuan. Na gane sau-cikin wani Banijare mai harkar wayoyi. A can gefe, an ɗan tura shi bayan tukunyar fulawa, na ga takalmin fata ruwan ƙasa wanda dunduniyarsa ta hagu ta cinye. Na Alhaji ne, maƙwabcinmu na hawan ƙasa a Panyu.

Na ce, "Umma, kin ga..."

Ta ce, "Ban ga komai ba. Ke ma ba ki gani ba."

Ta tsaya jim, sannan ta cire nata, ta kakkaɓe su, ta cusa a jaka. Ta miƙo hannu na ba ta nawa.

Abin da ya kawo mu wurin ya samo asali ne daga adashi. Matan cocin ne suka fara shi tsakaninsu tun kafin a kawo ni China. Ya yi ta girma har ya zama ƙungiyar ajiya mai ofis da hatimi da ƙananan littattafai masu koren bango, aka yi mata rajista kamar kamfani. Ma'ajiyarsu wata dattijuwa ce 'yar Filato, kowa Mama yake ce mata, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka haife ta. Ba ta tambayar biza, ba ta tambayar takardar zama. Ka kawo da safe ta rubuta, ka nema da yamma ta ƙirgo maka. Wanda ba ya son ƙarin da ake rabawa a ƙarshen shekara sai ta ja layi a gaban sunansa, a ba shi abin da ya ajiye cif. Amma babban abin da ya ja mutanenmu ba wannan ba ne. Kuɗin da ke hannun 'yan coci, ɗan'uwa ba ya jin ƙanshinsa. Ba wanda zai bugo daga gida ya ce ya ji labarin kana da ajiya, ga biki ya taso.

Sai dai ba a faɗa. A fili, kowa a cikinmu ya san abin bai dace ba. Alhaji ne ya fi kowa sani. Ranar wata Juma'a ya hau gidanmu gaida Abba, aka kawo masa shayi, ya daɗe yana bayani a kan mutanen da zuciyarsu ta mutu har suna kai guminsu coci. "Ka ba kura ajiyar nama, sannan ka zo kana kuka?" Abba yana gyaɗa kai. Umma tana kicin tana yanka albasa, littafinta mai koren bango yana cikin gwangwanin madara a saman kanta.

Kuɗin makarantata ne a ciki. Wata makarantar kuɗi nake zuwa a Panyu, inda ake karɓar 'ya'yan baƙi, komai da Sinanci. Kasuwa ta ja baya, Abba ya koma Kano bin kuɗin kayan da ya tura, kuma kafin ya tafi ya faɗa a gabana cewa idan kuɗin shekara mai zuwa bai samu ba, za a mai da ni gida wurin gwaggona. Umma dai ta ci gaba da rage wani abu daga kowace dilar atamfa da abaya da ta tura, tana kai wa Mama.

Sai ga saƙo ya shigo waya. Ƙungiya ta zuba kuɗin mutane a harkar sito da kwantena, kaya sun maƙale, waɗanda aka ba bashi ba su biya ba, masu ajiya suka ji ƙishin-ƙishin suka ruga neman nasu lokaci guda. Kotu ta karɓe komai ta damƙa wa wasu akantoci. Duk mai ajiya ya zo da littafinsa da fasfo a rubuta shi. Wanda bai zo ba har ranar rufewa, babu shi a rabo.

Umma ta yi ta ɗaga tafiyar. Ta ce a bari sai ranar ƙarshe, lokacin mutane sun gama zuwa, ba wanda zai gan mu. Ashe duk Bahaushen da ke Guangzhou wannan dabarar ya yi.

A cikin ɗakin an jera kujerun roba. An rufe ganguna da wani zane a lungu, an tura mumbarin fasto jikin bango, aka sa dogon tebur a wurinsa. 'Yan cocin suna gaba, sun saba da wurin. Namu suna baya, kowa ya sunkuyar da kai kan waya kamar an aiko masa da labarin rasuwa.

Alhaji ne ya fara ganinmu. Ya miƙe rabi, ya koma.

"A'a, Hajiya! Sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji. Yarinyar nan na rako."

"Madalla. Ni ma rakiya na yi. Wani abokina ne, bai jin Turanci."

Na duba damansa, na duba hagunsa. Kujerun babu kowa. Hajiya mai mayafai ma rakiya ta yi. Banijaren nan ya ce shi wucewa yake yi ya ga taro, a hawa na tara. Na zauna ina lissafi a zuci: 'yan rakiya sun cika layi huɗu, waɗanda aka rako ko ɗaya ban gani ba. Umma ce kaɗai ta faɗi gaskiya, ita ma ba da niyya ba, don littafin da sunana aka buɗe shi.

Shugabar akantocin wata 'yar China ce mai gajeren gashi, da flas ɗin shayi na gilashi wanda wasu jajayen 'ya'yan itace ke yawo a ciki. Ta yi bayani da Turanci a hankali, sannan ta ba da damar tambaya. Wata 'yar Ghana ta miƙe ta ce ita kuɗin da ta ajiye na kai gawarta gida ne in ta mutu a nan, shin za a fara biyan irinsu? Akanta ta ce babu wanda za a fifita a cikin masu ajiya. Wani ya tambaya ko gwamnati za ta cike, kamar yadda ake yi wa banki. Ta ce wannan ba banki ba ne. Aka ce to cocin fa, ba da sunanta aka tara ba? Wani dattijon cocin ya tashi ya ce coci daban, ƙungiya daban, kuma shi ma kuɗinsa na ciki. Aka yi ta hayaniya. Yaushe za a biya? Ba ta sani ba tukuna. Nawa za a samu? Sai an sayar da abin da ya rage.

Banijaren ya juyo ya ce wa na bayansa, "Kun ji ko? Meyo. Duk dogon Turancin nan, meyo ne." Kalmar da 'yan kasuwar China ke faɗa ke nan idan babu kaya.

Duk wannan ba wanda ya yi tambaya a cikin namu. Sai can Alhaji ya ɗaga hannu, ya gyara murya.

"Abokina ne yake tambaya. Wai sunayen nan da kuke rubutawa, za a manna su a bango ne, ko a tura a waya kowa ya gani?"

Layi huɗu suka ɗago kai a tare. Akanta ta ce a'a, kotu kaɗai za ta gani. Na ji ajiyar zuciya ta bi layin kamar an ce an biya kowa.

Mama tana zaune ita kaɗai a gefen tebur, hannuwanta a kan cinya. An hana ta taɓa littattafan, an dai ce ta zauna don shaida. Wasu in sun wuce sai su yi tsaki. Na lura biro yana maƙale a ɗankwalinta kamar kullum, lokaci-lokaci hannunta ya tafi wurinsa, sai ya dawo.

Da layi ya zo kanmu, Umma ta ajiye littafin da fasfona da nata. Akanta ta buɗe wannan, ta buɗe wancan, ta sa yatsa a kan kowane suna. Ta dube ni ta yi magana da Turanci, na amsa da Sinanci, sai fuskarta ta ɗan saki, ta koma Sinancin.

"Wannan sunan da ke littafi, wace ce?"

"Ni ce."

"Wannan na fasfo fa?"

"Ni ce."

"Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba."

Gaskiyarta. Ni 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Abba aka sa mini. Uwa a wurinmu ba ta kama sunan ɗanta na fari, suruka kuma ba ta kama sunan uwar mijinta. Ni na haɗa biyun. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana na yanka a bakin Umma ba. Akwai sunan da ake kirana da shi a gida, shi ma ba kasafai take faɗa ba, "ke" ta ishe ta, ko "yarinyar nan". Takardun makaranta Abba ke cikewa. A asibiti in an tambaya sai ta miƙa fasfo ta kau da kai.

Ina tuna ranar da aka buɗe littafin. Mama ta ɗauki biro ta ce, "Sunan wa za a sa?" Umma ta nuna ni da baki. Mama ta dube ta, ta dube ni, ta yi murmushi. "'Yar fari ce ko? To, ya ake kiranta a gida?" Ni na faɗa, ta rubuta. Umma ta fito tana cewa matar nan ta san mutunci, ta fi wasu Musulmin ma.

Akanta ta ce a wurin kotu mai wannan littafi ba ta nan a duniya. Amma akwai hanya. Ma'ajiya ta sa hannu cewa ta san mutum ɗaya ne, sannan uba ko uwa, tun da ni yarinya ce, ya yi furuci a naɗa: cikakken sunan yarinya kamar yadda yake a fasfo, da cewa sunan littafin ma nata ne. Ta jawo wata ƙaramar rikoda baƙa ta ajiye a gaban Umma.

Ni ce tafinta. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi kamar ranar ba.

"Umma, wai sai kin faɗa."

"In faɗi me?"

"Sunan."

Ta dubi rikodar kamar kunama aka ajiye mata. "Ce mata ga shi nan a rubuce. Ba ta iya karatu ba ne?"

Na ce mata. Akanta ta ce sai da murya.

"To ke ki faɗa. Ba naki ba ne?"

Akanta ta ce shekaruna ba su kai ba.

"Ce mata zan nuna da yatsa in ce shi ne."

Akanta ta girgiza kai. Ta ce in uban yana kusa a kira shi, amma sai ya zo da kansa, kuma yau ake rufewa da ƙarfe biyar. Wannan ban ma gama fassara shi ba Umma ta ɗaga mini hannu. Abba yana Kano, kuma bai san da gwangwanin madara ba.

Layi ya tsaya. Alhaji, wanda ke bayanmu riƙe da littafin abokinsa, ya matso.

"Hajiya, in dai suna ne, ni sai in faɗa. Ai na san sunan, ranar da kuka sauka ni na cike muku takardar 'yan sanda."

"Wai sai uwa, Alhaji."

"Ikon Allah. Su ba su san kunya ba ne a ƙasar nan?"

Akanta ta tambaye ni me ake ciki. Na yi mata bayani da ɗan Sinancina, ina kallon flas ɗinta. Ta ce a ƙauyen kakarta ma ba a kama sunan manya, kuma ita kanta har ta shiga makaranta da wani mummunan suna ake kiranta don kada ciwo ya gane ta. Na yi zaton ta sauko. Sai ta ƙara tura rikodar gaba kaɗan.

Mama ce ta taso. Ta zo ta dafa tebur, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, laifina ne. Na so in rufa miki kunya, ga shi na tona. Da na ce ki kawo fasfo tun ranar."

"Ba ki yi laifi ba, Mama."

"To ki daure. Surukar taki tana Kano, ina za ta ji?"

"Ta rasu."

"Ayya, Allah ya ji ƙanta. To ai shi ke nan ma."

"Ai yanzu na fi jin nauyinta."

Mama ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar farko da na ji a ɗakin. Ta zaro biron daga ɗankwali ta sa hannu a takardar shaida. Sannan ta ce, "Nawa ma duk yana ciki, Hajiya, har da na jikokina. Ni ba abin da zan faɗa a ba ni. Ke kalma uku ce tsakaninki da naki. Ko so kike a sa yarinyar a jirgi?"

Na kalli ƙafafun Umma. Yatsunta sun dunƙule a cikin safa, suna kama kafet. Na san abin da take aunawa, kuma na ji kunyar kasancewa ni ce a kan sikelin. Na so in ce mata ta bari, Kano ma gari ne. Sai dai ba gaskiya zan faɗa ba. Ba na son tafiya.

Ta ja mayafinta ya rufe goshi. Ta ce, "Alhaji, ɗan ja baya."

Alhaji ya ja baya, ya juya mana ƙeya. Ya dubi layi huɗun nan na 'yan rakiya, waɗanda duk sun miƙa wuya. Sai kawai ya daka wa Banijaren tsawa.

"Kai! Kwantenar da ka ce za ta tashi wancan satin, tana ina?"

Banijaren ya yi sororo, don ba harkar da ta taɓa haɗa su. Sai ya gane. Ya miƙe tsaye. "Ni ka ke tambaya? Je ka tambayi lawban, mai sito! Ni na ce ka sayi kaya ba ka da kuɗin awo?"

"Ni ne ba ni da kuɗin awo?"

Hajiya mai mayafai ta shiga rabo da ƙarfi, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan. Kujeru suka yi ta ƙara. 'Yan cocin suka juyo suna kallon mutanen da tun safe ba su yi tari ba. Duk namu sun ba teburin baya, suna rigima a kan kwantenar da babu ita.

A cikin wannan Umma ta sunkuya, ta kai bakinta dab da rikodar, mayafi ya rufe su tare. Na ga kafaɗarta ta motsa. Ina tsaye kusa da ita har hannuna yana taɓa nata, na kasa kunne iya ƙarfina. Abin da na ji shi ne Alhaji yana rantsuwa cewa shi tun kafin a haifi Banijaren yake tura kaya tashar Apapa.

Akanta ta sa abin ji a kunne, ta mayar baya, ta saurara tana bin fasfon da yatsa. Ta gyaɗa kai. Ta buɗe jar tawada, Umma ta dangwala, ni ma na dangwala, aka ba mu rasit mai lamba. Rigimar baya ta mutu nan take kamar an kashe rediyo. Alhaji ya matso tebur ya ajiye littafi da fasfo. Ban yi niyyar kallo ba, amma idona ya saba da ƙasa, teburin kuma yana ƙasa. Abokin nasa sunansu ɗaya, har hoton ma sun yi kama.

Abin da aka biya daga baya bai kai abin da Umma ta ajiye ba, kuma an daɗe kafin ya zo. Amma rasit ɗin nan ta kai wa makaranta suka yarda a biya kashi-kashi, ba a sa ni a jirgi ba. A ranar dai ba mu san haka ba. Mun fito, Umma ta zaro takalmanmu daga jaka, ta sa nata ba ta dube ni ba. Idanunta sun yi ja. Ta danna lif da yatsan da ke da tawada, ta bar jan tabo a kan maɓallin.

"Ke, in kika faɗa wa Abbanki..."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Lif yana hawa na uku, yana tahowa. Na ce na manta birona a kan tebur. Ban zo da biro ba, ita ma ta sani, amma ta ce in yi sauri.

Na koma da takalmina a ƙafa. Na tsaya a gefen teburin har akanta ta gama da wanda ke gabanta. Ban taɓa fara yi wa babba magana ba sai an tambaye ni. Ta ɗago ta ce akwai wata matsala ne? Na ce babu. Na nuna rikodar, na haɗa kalmomin Sinancin da suka fi ladabi a cikin waɗanda aka koya mana.

"Anti, don Allah, abin da mahaifiyata ta faɗa ɗazu. Ko za ki ba ni abin kunnen in saurara, sau ɗaya kawai? Ni ban ji ba."